Filin Makiyayi da Manomi: Ciyawa, Fari da Abincin Rani

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata kusan duk a kan ciyawa suke. Mun ɗauki biyar, mun rage tsawon tambayoyin saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Makiyayar garinmu da muka taso muka sani da gamba da kyasuwa, yanzu tafasa da garmani sun cinye ta, wani gefen kuma ya zama faƙo, ko tsinke ba ya fitowa. Dattawa sun rabu biyu: wasu sun ce fari ne, wasu sun ce shanu ne suka yi yawa. Wanne ne gaskiya? Kuma yaya za mu san shanun da filin zai iya ɗauka?
Daga sakataren wata ƙungiyar makiyaya, yankin Mindif, Kamaru

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kowane ɓangare na dattawan yana da hujja. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 sun kashe gamba a wurare da yawa na ƙasashen Sahel, ba ta sake komawa kamar da ba. Amma a irin filinku, mu a ganinmu babban abin da ya yi ɓarna shi ne lokacin da ake kiwon.

Ciyawar makiyaya iri biyu ce. Gamba tana da tushe mai rai a ƙasa, ta bushe da rani ta toho da ruwan farko. Kyasuwa, burburwa, ƙarangiya, guɗe-guɗe da gadagi kuwa duk shekara mutuwa suke yi, irin da suka zubar ne kawai ke dawo da su baɗi. Idan shanu suka tare a fili tun daga tsiro har ƙarshen damina, masu zubar da iri ba su samu sun zubar ba, gamba kuma ana ta yaguwar ganyenta har tushen ya gaji ya mutu. Tafasa da garmani, da yake dabba ba ta damu da su ba suna ɗanye, su ne ke cika 'ya'ya su gaje filin. Saboda haka yawan tafasa shaida ce ta matsin damina. Kiwon rani a kan busasshiyar ciyawa ɓarnarsa kaɗan ce, muddin ba a share ƙasa ƙwal ba. Ku duba kuma yadda gonakin damina da na masakwa, wato dawar rani, suka faɗaɗa a kewayenku: shanun da a da suke watsuwa, yanzu ɗan abin da ya rage ake tura su duka.

Ruwa ma ba shi kaɗai ke tsayar da ciyawa ba. Binciken da masanan Mali da na Holan suka yi a ƙasar Mali a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna cewa inda ruwan shekara ya wuce kimanin milimita 300, ƙarancin sinadaran naitirojin da fosfaras a ƙasa ya fi ƙarancin ruwa rage yawan ciyawa. Ƙasar Marwa da ke kusa da ku tana samun wajen milimita 800.

Ga yadda ake awo. A ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, lokacin da ciyawa ta kai iyakar girmanta, ku haɗa sanduna huɗu su ba da murabba'i mai mita 1 kowane gefe. Ku ratsa filin a miƙe, duk bayan taku 50 ku ajiye shi inda ƙafa ta tsaya, ko da a kan faƙo ne. Ku yi haka aƙalla wuri 20. A kowane wuri ku yanke ciyawar har ƙasa, ku fitar da tafasa da duk abin da shanu ba sa ci, ku shanya sauran a buhu har nauyinsa ya daina raguwa, sannan ku auna da ƙaramin sikeli. Ku haɗa jimla ku raba da yawan wuraren. Giram ɗin da ya fito, in an ninka shi sau 10, shi ne kilo nawa ke cikin hekta ɗaya.

Misali ya fito giram 150, wato kilo 1,500 a hekta. Ba duka ne zai shiga cikin saniya ba. Gara za ta ci, iska za ta kwashe, kofato zai tattake, kuma dole a bar wani ya rufe ƙasa. Kashi ɗaya cikin uku kawai ake lissafawa, kilo 500 ke nan. Saniya mai nauyin kilo 250 tana buƙatar busasshen abinci kilo 6 da kwata a rana, a wata 8 na rani kilo 1,500. Ke nan kowace saniya hekta 3. Tumaki ko awaki 10 a lissafa su a matsayin saniya ɗaya, manyan jajayen shanun Bororo kuma sun fi kilo 250, a ƙara musu.

Kurakurai uku ne ke ɓata wannan lissafi: zaɓen wuri mai kyau lokacin ajiye sanduna, auna ciyawa da sauran danshi, da riƙe adadin bana a matsayin na kullum. Filin da ya ba da kilo 1,500 bana yana iya kasa ba da rabinsa baɗi. Duk kaka sai an sake.

Gyara kuwa ba ya buƙatar shingen waya. Ku zauna da lawan da jauro da arɗo, a raba filin uku da alamun da kowa ya sani, kamar rafi ko tsamiya ko dutse. Kowace damina kashi ɗaya ya huta tun daga ruwan farko har ciyawa ta zubar da iri, sannan a buɗe shi da kaka. A tuge tafasa kafin ta yi 'ya'ya, matan gida ma suna da amfani da ganyenta. Baƙin makiyaya da ke wucewa a sanar da su tun da wuri, domin dokar da ba a yi da su ba ba za su kiyaye ta ba.

Faƙon, wanda a nan ake ce wa harde, hutu kaɗai ba ya tashinsa, don ruwa zamewa yake yi a kansa. Sai an haƙa ramin rabin wata da rani: faɗi mita 4, zurfi santimita 15 zuwa 25, bakinsa yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, ƙasar da aka haƙo a tara ta a bayansa. Mita 8 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, mita 4 tsakanin layuka, a saɓa su yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa na ƙasa. Hekta tana ɗaukar wajen 313. A zuba kashin shanu a ciki, a watsa irin kyasuwa ko a dasa tushen gamba, a tsare wurin damina biyu.

TAMBAYA: Ina da shanun tatsa uku a gida. Karan dawa ba ya yanke musu, cikinsu kullum a cike, amma daga watan Maris sai haƙarƙari ya fito, nono ya ƙafe. Ɗaya har ƙashi da tsumma take tauna. Mene ne laifina?
Daga wata uwargida, Kusiri

AMSA: Hajiya, ba ki yi sakaci ba, karan ne ba shi da abin da suke nema. A tumbin saniya akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narkar da ciyawa, kuma ba sa aiki sosai sai furotin ɗin abincin ya kai wajen kashi 7 cikin ɗari. Ɗanyar ciyawar farkon damina tana wuce kashi 10. Busasshen kara da ciyawar da ta kwana a tsaye har bazara kuwa suna sauka zuwa kashi 3 ko 4. Sai karan ya zauna a tumbi bai narke ba, saniya ta kasa ƙara ci, jikinta ya koma cin kansa.

Mafi sauƙin magani ƙulin angurya ne, wanda ake samu daga masana'antun man auduga na Marwa da Garwa. Mai tatsa a ba ta kilo 1 da rabi zuwa 2 a rana, rabi da safe rabi da yamma. Wadda ba a tatsa rabin kilo zuwa kilo 1 ya ishe ta riƙe jiki. Ki fara da kaɗan, ki ƙara cikin mako guda. Ƙaramin maraƙin da bai fara tuƙa ba kada a ba shi, akwai guba a angurya da ke cutar da shi. Ki saya tun watan Disamba ko Janairu, kafin tsadar bazara. Harawar wake da ta gyaɗa da 'ya'yan gawo duk suna wannan aiki. 'Ya'yan gawo a daka su, in ba haka ba ƙwayar ta fita a kashi yadda ta shiga. Harawa kuma a ajiye ta a inuwa bisa rumfa: wadda rana ta dake ta har ganye ya kaɗe, rabin amfaninta ya tafi.

Hanya ta biyu ita ce gyara karan da farin takin zamani, yuriya. Tana aiki, amma tana son kiyaye awo. Ana saran kara gutu-gutu, kamar tsawon yatsa. Ga kowane kilo 100 na kara, a narkar da yuriya kilo 4, kada ta wuce 5, a ruwa lita 60 zuwa 100, gwargwadon bushewar karan. A dama har babu ƙwaya ko ɗaya da ta rage. Rami ko ɗakin bulo mai mita 1 tsawo, faɗi da zurfi yana ɗaukar kilo 80 zuwa 100. A shimfiɗa leda, a zuba kara kamar taƙi ɗaya, a yayyafa ruwan ko'ina, a tattake sosai, a ƙara wani, har ya cika. A rufe da leda, a danne gefuna da ƙasa yadda iska ba za ta shiga ba. A zafin Kusiri mako 3 ya isa.

Wanda ya yi kyau zai fito da laushi, launinsa ya yi duhu, warinsa mai hawa hanci. Furotin ɗinsa yakan ninka, kuma shanu sun fi cinsa da yawa. A ɗebi na gobe tun yau a baza shi a inuwa ya sha iska, a mayar da murfin. Idan kika ga fumfuna, iska ce ta shiga ko ruwa ya yi yawa, a zubar da wannan gefen. Idan karan ya fito yadda ya shiga, ruwa ne ya yi kaɗan ko ledar ta huje. A saba musu da shi a hankali cikin kwana 10, maruƙan da ba su kai wata 6 ba kuma a hana su.

Haɗarin yana ga yuriyar da ba a sarrafa ba. Saniyar da ta lashi takin a buhu ko ta sha ragowar ruwan tana iya faɗuwa cikin sa'a guda: rawar jiki, dalalar miyau, kumburin ciki. A ɗura mata ruwan khal, wato binega, lita 2 zuwa 4 da ruwan sanyi mai yawa, a hankali don kada ya bi ta huhu, a kira likitan dabbobi nan take. Wanda ba shi da sikeli kada ya fara. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Taunar ƙashi alama ce ta ƙarancin fosfaras, kuma ita ta fi damunmu a wasiƙarki. Ƙashin mushe yana ɗauke da gubar da ke shanye jiki, ta fara da ƙafafun baya, saniya ta kwanta ba zazzaɓi, da wuya ta tashi. Kanwa da gishiri ba su da fosfaras. Ki nemi dutsen lasa wanda aka rubuta akwai shi a ciki, ki kwashe ƙasusuwa da leda daga inda suke kwana. Ruwan sha da bazara kada ya gaza lita 30 zuwa 40 ga kowace. Kuma tunda kuna bakin Logon, in suna shiga fadama ki sa likita ya duba tsutsar hanta, don ita ma tana ramar da saniya duk abincin da ake ba ta.

TAMBAYA: Bijimina ya shiga gonar da aka yanke dawa, ya ci gyauro, kafin azahar ya mutu. Sammu ne ko guba aka sa?
Daga wani manomi, Gider

AMSA: Allah ya mayar da alheri, Malam. Ba sai an zargi kowa ba, gubar tana cikin dawar kanta. Ƙaramar dawa da ba ta kai santimita 60 ba, gyauron da ya toho bayan yanka, da dawar da fari ya sa ta yaushi, duk suna tara wani sinadari da ke zama guba mai hana jiki amfani da iskar da jini ke kai masa. Dabba ta yi ta haki, ta yi tangaɗi, ta faɗi, jininta ja wur. Wadda ta shiga da yunwa ta fi saurin mutuwa. Akwai allurar da likita ke yi ta jijiya, amma sau da yawa ba a riskar dabbar da rai. Karan da ya bushe sarai ba shi da wannan matsala. A tsare gonar har gyauron ya bushe.

TAMBAYA: Iyayenmu suna sa wa daji wuta don sabon toho, jami'ai kuma suna cewa a daina. Ga ciyawar Bokasa ta rufe mana makiyaya. Ina mafita?
Daga wani matashin makiyayi, kusa da Ngaundere

AMSA: Ɗan'uwa, hukuncin wuta ya danganta da inda mutum yake. Daga Marwa zuwa Kusiri har cikin Cadi, inda ciyawa mai zubar da iri ta fi yawa, wuta asara ce zalla: abincin wata 8 ya tafi a yini ɗaya, babu tushen da zai toho. Can abin yi shi ne share hanyar tare gobara mai faɗin mita 10 zuwa 20 tun Oktoba, a gicciye da iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas. A tudun Adamawa kuwa, da ruwansa ke kai wa wajen milimita 1,500, ciyawar mai tushe ce, in ta tsufa shanu ba sa iya cinta, kuma wuta tana da gurbi. Iyayenku ba su yi kuskure ba.

Sharaɗin shi ne a yi ta da tsari. Wutar farkon rani, lokacin da ƙasa ke da sauran danshi, ita ke ba da toho. A sa ta da yamma in iska ta kwanta, yanki-yanki, a bar wani sashe bai ƙone ba. Babban kuskure shi ne sakin shanu a kan tohon da zarar ya leƙo. A jira mako 3 zuwa 4, in ba haka ba tushen ne ke biyan bashin, shekara kaɗan sai ya mutu.

Ta nan Bokasa, wani tsiro mai kututture, ke samun ƙofa. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, irinta iska ke ɗauka, shanu ba sa cinta. Inda kiwo ya raunana ciyawa, wutar da ake sawa ba ta da abin ci balle ta yi zafin da za ta kashe ƙananan itatuwa, sai ita da sauran ƙirare su rufe fili. Sara kaɗai ba ya kashe ta, kututturen tohowa yake. A tuge ta da saiwa tun ƙasa na da laushi, kafin ta yi fure a farkon rani, kuma kada a bar wurin tsirara. A shuka ciyawar kiwo da ake kira birakariya da farkon damina, iri kilo 6 zuwa 10 a hekta, a rufe shi da ƙasa kaɗan, don in ya nutse da zurfi ba ya fitowa. Tashar bincike ta Wakwa da ke kusa da ku, ƙarƙashin IRAD, hukumar binciken noma ta Kamaru, ta daɗe tana aiki a kan birakariya da kuma sitilo, wani tsiron kiwo dangin wake. Kada a sa shanu sai birakariyar ta rufe ƙasa. In za a yi ingirici da ita, a yanka da zarar ta fara fitar da kai, a shanya kwana 2 zuwa 3, a tara a inuwa. Inda Bokasa ta yi yawan da hannu ba zai iya ba, a hutar da filin damina guda ciyawa ta taru, a kewaye shi da shara, a sa wuta mai zafi a ƙarshen rani da izinin hukuma, sannan a bi kututturen.

TAMBAYA: Na yi karatu a Injamena, na dawo ina ba mahaifina shawara mu daina tafiya arewa da damina, mu kewaye fili da waya mu zauna wuri ɗaya kamar yadda ake yi a ƙasashen waje. Ya ƙi. Ku taimaka ku fahimtar da shi.
Daga wani ɗalibi, Masaget, Cadi

AMSA: Ɗanmu, niyyarka mai kyau ce, amma a wannan magana bincike yana bayan Baba. An gwada abin da kake faɗa a Widu Cengoli, yankin Ferlo na ƙasar Senegal, tun daga 1981, aka bi shi shekara 27: filaye cikin waya, da ƙayyadadden adadin dabbobi. Bai fi kiwon masu yawo ba. A shekarar ruwa ciyawa ta yi wa dabbobin yawa, ta taru ta danne ire-iren da suka fi amfani. A shekarar fari kuma dabbobin da ke cikin waya ba su da inda za su nufa. A ƙasar da ruwan bana ke iya zama rabin na bara, kuma hadari ya zuba a wannan ƙauye ya tsallake na gaba, ƙafa ita ce maganin fari.

Tafiya arewa kuma ba don gudun gonaki da ƙuda kaɗai ake yinta ba. Ciyawar arewa gajera ce, amma ta fi ta kudu furotin, saboda ƙarancin ruwa bai bar ta ta yi tsawon da zai tsarma abin da ta tsotso daga ƙasa ba. A kanta shanu ke yin kitse su ɗauki ciki. Tafiyar kuma tana ba makiyayar gida hutun damina, irin wanda muka ba sakataren Mindif shawara ya nema da yarjejeniya.

Abin da ke karya wannan kiwo shi ne a toshe masa hanya ko a busar da inda yake cin rani. Da aka gina madatsar Maga a 1979 don noman shinkafa, ambaliyar Logon ta daina isa wani babban yanki na fadamar yayre, ciyayi masu tushe suka mutu, makiyaya suka watse. Da aka sake buɗe wa ruwa hanya a 1994, cikin 'yan shekaru ciyayin suka fara dawowa, garkuna suka biyo su. A gabashin Cadi ma, shirin Almi Baha'im da aka fara a 1995 rijiyoyi da tabkuna ya haƙa, ya kafa alamu a burtali, bai ce kowa ya zauna ba.

Iliminka yana da wurin aiki. Ka shiga maganar burtali da mashaya, a rubuta iyakokinsu, a kafa alamu kafin shuka, da hannun manoma a ciki. Cadi ta kafa dokar yawon kiwo tun a 1959. A Kamaru kuma dokar 1978 ta ɗora sasanta rikicin manomi da makiyayi a kan kwamitin da su-firefe, wato jami'in mulkin gunduma, ke shugabanta, masu tsallakawa da shanu ya kamata su san da shi. Ka shawo kan Baba a bar masu tatsa biyu ko uku da maruƙansu a gida, a tanadar musu ingirici da harawa, sauran garken ya tafi.

Sai maganar sayarwa, wadda ita ce mai wuya a gaya wa dattijo, don haka ka zaɓi lokacin da ya dace ka faɗa da ladabi. Idan damina ta yanke da wuri kuma awon ciyawa ya nuna ba za ta kai ba, a fitar da tsofaffin shanu, da shanun da suka yi shekara biyu ba haihuwa, da bijiman da suka wuce buƙata, tun Oktoba ko Nuwamba, suna da nama kuma hatsi na da araha. Wanda ya jira Afrilu zai kai ƙashi kasuwa a lokacin da kowa ke kai nasa, buhun gero kuma ya hau. Kuɗin a sayi ƙulin angurya da dusa da dutsen lasa don karsana da shanu masu ciki, a yi wa garken rigakafin ciwon huhu kafin a kama hanya.